«Superlative»: yadda Ingilishi ke cewa «ya fi kowa», da inda mai Faransanci ke tuntuɓe

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, Ingilishi ya ƙara daraja a idon iyaye da ƴan makaranta a Nijar. Dama ba baƙo ba ne. Ana fara koyar da shi tun ajin 6ème, yana cikin jarrabawar BEPC da ta BAC, kuma ɗan kasuwar Maraɗi da ke bi ta Dan Issa zuwa Jibiya, ko na Ƙonni da ke tsallakawa Illela, kullum yana cin karo da shi a jikin kwali da takardar kaya. A Nijar in an ce «Turanci», sau da yawa Faransanci ake nufi, don haka a nan za a riƙa cewa Ingilishi domin kada a rikice.

Cikin darussan nahawun Ingilishi akwai wanda malamai ke gamawa cikin sa'a ɗaya ko biyu, ɗalibi ya haddace ƙa'ida, amma kurakuransa su bi shi har jami'a, har wurin aiki. Shi ne darasin «superlative», wato sigar da sifa ke ɗauka idan ana son a ce abu ya fi dukkan ƴan uwansa.

Asalin kalmar da ma'anoninta

Wanda ya yi lakwal ya san «superlatif» a Faransanci, kuma kalmar Ingilishi daga can ta ratso, tun wajen ƙarni na 14. Tushenta Latin ne: «super», wato sama, da «latus», wato abin da aka ɗauka. Ma'anar asali ke nan: abin da aka ɗaga sama da saura. Wajen furuci akwai bambanci. Mai Faransanci yakan kai nauyin muryarsa ƙarshen kalma, shi kuwa Ingilishi a gaɓa ta biyu yake dannawa, su-PA-la-tib, sauran gaɓoɓin kuma a wuce su da sauri.

Kalmar tana aiki uku. Na farko shi ne na nahawu: sunan mataki na uku a matakan kwatance. «Tall» dogo, «taller» wanda ya fi wani tsawo, «tallest» wanda ya fi kowa. Na biyu, sifa ce da kanta, ma'anarta abin da ya kai ƙololuwar kyau ko ƙwarewa. Idan jaridar Ingila ta ce ɗan ƙwallo ya yi «a superlative performance», ba maganar nahawu take ba, cewa take ya yi wasan da babu na biyunsa. Faransanci na yau da kullum ba ya cika amfani da «superlatif» ta wannan hanya, shi ya sa mai fassara kan tsaya yana mamaki. Na uku, jam'inta «superlatives» na nufin kalaman kambamawa, irin waɗanda maroƙi ke zubawa a gidan biki. Masu sharhin wasanni kan ce sun «run out of superlatives», wato kalmomin yabo sun ƙare musu. In kuma aka ce mutum yana magana «in superlatives», akwai ɗan zargi a ciki: ana nufin yana cika baki, a rage wani abu daga abin da ya faɗa.

Hausa da aikatau take yi

Kafin a shiga ƙa'idojin Ingilishi, yana da kyau mai karatu ya lura da abin da bakinsa ke yi ba tare da ya sani ba. Hausa ba ta taɓa jikin sifa. Aikatau take ɗauka, «fi», ta bi shi da sunan hali: Audu ya fi Garba tsawo. Idan ana son mataki na ƙarshe, sai a canza wanda aka fi: Audu ya fi kowa tsawo, ya fi su duka. Daga wannan aikatau ne aka samo «mafi», kamar a mafi tsawo, mafi tsada. Saboda haka a Hausa abin da ke raba mataki na biyu da na uku shi ne yawan waɗanda aka fi. A Ingilishi kuwa kalmar ce da kanta ke canza siga.

Waɗanda ke zuwa kasuwannin kudancin Najeriya sun san wani abu da ke tabbatar da wannan. Pidgin, wato burokan Ingilishi, da aikatau yake yi kamar Hausa: «e big pass» na nufin ya fi girma, «pass» na tsaye daidai inda «fi» ke tsayawa. Wannan ya sa ɗan kasuwa ke kama Pidgin cikin ƴan watanni, amma ya sha wuya da Ingilishin takarda. Wanda kuma ya yi karatun zaure ya ga hanya ta uku a Larabci, inda ake zuba kalma cikin wani ma'auni: kabir ya zama akbar, karim ya zama akram, kasir ya zama aksar. Wannan na ƙarshe Hausa ta are shi, shi ne «akasari», kuma za a sake haɗuwa da shi a gaba.

Tsakanin «-est» da «most»

Faransanci hanya ɗaya gare shi: le plus, la plus, les plus, komai tsawon kalma. Ingilishi biyu gare shi, kuma zaɓin ya dogara ne da yawan gaɓoɓin sifar.

Sifa mai gaɓa ɗaya tana karɓar «-est» a ƙeya: «cheap» ya zama «cheapest», «long» ya zama «longest», «fast» ya zama «fastest». Nan ne ƙa'idojin rubutu ke cinye makin ɗalibai. Idan kalma ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, ana ninka baƙin: «big» da «biggest», «hot» da «hottest», «thin» da «thinnest». «Cheap» ba ta ninkawa saboda wasula biyu ne a cikinta, «new» da «low» ma ba sa ninkawa. Idan ta ƙare da «e», «-st» kawai ake ƙarawa: «large» da «largest». Idan ta ƙare da baƙi da «y», sai «y» ta koma «i»: «dry» da «driest».

Sifa mai gaɓa uku ko fiye «most» take ɗauka a gabanta, ita kuma ta zauna yadda take: «most expensive», «most important», «most dangerous». Masu gaɓa biyu ne ke da rikici. Waɗanda suka ƙare da «y» suna bin gajeru: «happiest», «easiest», «busiest», «heaviest». Waɗanda suka ƙare da «-ful», «-less», «-ous», «-ing» ko «-ed» suna bin dogaye: «most useful», «most famous», «most boring». Akwai kuma ƴan tsaka-tsaki da ke karɓar duka biyun, irin su «clever», «narrow», «quiet», «simple» da «common». Wanda ya yi shakka a kan mai gaɓa biyu da ba ta ƙare da «y» ba, ya sa «most». Da wuya a kama shi da laifi.

Mai Faransanci yana da wata dabara da ɗalibin Kano ko Sakkwato ba shi da ita. Ƙarin «-est» gadon tsohon Ingilishi ne, ɗan uwan abin da Jamusanci ke yi har yau. Amfani da «most» kuwa ya yaɗu ne a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, lokacin da Normandawa suka ci Ingila, dogayen kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo cikin harshen. Don haka idan sifar Ingilishi ta yi kama da ta Faransanci, kamar «intelligent», «difficult», «comfortable», «important», kusan kullum «most» ce abokiyarta. Gajeru irin su «large», «pure» da «fine» ne suka fita daga wannan.

Wajen furtawa, «-est» ba a karanta ta kamar «est» na Faransanci a «il est». Ana faɗin ta «ist», da «s» da «t» duka a fili. A «longest», «strongest» da «youngest» kuma ana jin «g» sosai, ko da yake a «long» kaɗai ba a jin ta haka.

Masu fita daga ƙa'ida

Kaɗan ne, amma su ne aka fi amfani da su. «Good» ya zama «better» sannan «best». «Bad» ya zama «worse» sannan «worst». «Much» da «many» sun haɗu a «more» da «most», «little» ya ba da «less» da «least». Faransanci ma haka yake da bon da meilleur, mauvais da pire, don haka abin ba sabo ba ne. Sauƙin ma a wajen Ingilishi yake: inda Faransanci ke raba meilleur da mieux, Ingilishi «best» ɗaya yake sa wa duka biyun. Abin kiyayewa shi ne «worse» da «worst», domin «t» ɗaya ce ta raba su, kuma a baki takan ɓace. «The situation is worse» na nufin lamari ya ƙara lalacewa. «The worst situation» na nufin ba a taɓa ganin mai muninsa ba. Matasan da ke jin «baddest» a waƙoƙin Legas su sani yaren titi ne, yabo ma ake yi da shi, kuma babu mai gyaran jarrabawar da zai karɓe shi.

«Far» na da «farthest» da «furthest», duka biyun suna aiki ga nisan hanya. «Old» na da «oldest» da «eldest». Na biyun na ƴan gida ɗaya ne kawai: «the eldest son» shi ne babban ɗa, amma masallaci ko kasuwa sai dai «oldest». Auta kuwa «the youngest» ne.

Sai «late», wadda ta haifi tagwaye masu halaye daban, «latest» da «last». A nan Faransanci ke yaudarar mai fassara, domin «dernier» ɗaya yake da shi. «Son dernier livre» zai iya zama littafin da marubuci ya fitar kwanan nan, zai iya zama wanda ya rufe rubutunsa da shi. Ingilishi ya raba: «his latest book» na mai rai ne da ake jiran na gaba, «his last book» kuwa yakan nuna babu wani a bayansa. Ɗan jaridar da ya rubuta «the last news» a madadin «the latest news» ya sanar da rufe gidan rediyonsa ba tare da ya yi niyya ba. Wanda ya ce «the minister's last speech» alhali ministan na kan kujerarsa, mai karatu a Abuja ko Landan zai iya zaton an sauke shi.

Tarkunan Faransanci

Mafi yawan kurakuran da ake gani a takardun ɗaliban lise ba na rashin sanin ƙa'ida ba ne. Na tunani da Faransanci ne a rubuta da Ingilishi.

Na farko ƙaramar kalma ce, «de». Faransanci na cewa «le plus grand pays d'Afrique de l'Ouest», ɗalibi sai ya rubuta «of West Africa». Ingilishi «in» yake sawa idan wuri ne ko ƙungiya: «Niger is the largest country in West Africa», wanda kuma gaskiya ne, da faɗin ƙasa murabba'in kilomita 1,267,000. Haka «in the world», «in the class», «in the family». Hausa ma «a» take cewa, mafi girma a Afirka ta Yamma, don haka wanda ya yi tunani da Hausa a nan ya fi wanda ya yi da Faransanci dacewa. «Of» kuwa ta jam'i ce da ta lokaci: «the strongest of the eight wrestlers», «the hottest month of the year», «the best of all».

Na biyu shi ne maimaita «le» ko «la». Faransanci kan ce «la ville la plus peuplée», sau biyu, sifa a bayan suna. Ingilishi «the» ɗaya yake sawa, sifa a gaba: «the most populous city». Idan akwai kalmar mallaka, «the» ta fita gaba ɗaya: «my best friend», «Niger's highest mountain». Wannan dutse shi ne Idoukal-n-Taghès, a tsaunukan Bagzane na yankin Ayar, mai tsayin mita 2,022.

Na uku ya fi zurfi, shi ne «grand». Kalma ɗaya ce a Faransanci, amma Ingilishi ya rarraba aikinta. «Le plus grand» zai iya zama «the tallest» idan tsawon mutum ne ko gini, «the biggest» ko «the largest» idan girman jiki ne ko faɗi, «the greatest» idan daraja ce. Muhammad Ali da ake yi wa laƙabi da «The Greatest» bai fi sauran ƴan dambe tsawo ba. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, da «tall» da «tallest» ake maganar tsawonta. Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, «the tallest building» ne, amma Everest «the highest mountain» ake ce masa, domin daga matakin teku ake auna shi. Kuma a kula da «large», wadda ke kama da ta Faransanci amma ba ita ba ce: «la plus large» a Ingilishi «the widest» ne.

Wannan bambanci na da nauyi a labarai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan jama'a, Aljeriya ce ta fi faɗin ƙasa. Wanda ya rubuta «the biggest country in Africa» ya tsaya nan, bai faɗa wa mai karatu wace yake nufi ba.

Akwai kuma tsari biyu da Faransanci ke yi wa kwalliya daban. Idan ana jera matsayi, lamba ce ke shiga tsakanin «the» da sifa: kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai, mai tsawon kusan kilomita 4,200, shi ne «the third longest river in Africa», bayan Nilu da Kwango. Inda kuma Faransanci ke kawo subjonctif, kamar a «le meilleur que j'aie jamais vu», Ingilishi bai san wannan wahala ba, cewa yake «the best I have ever seen».

Idan abu biyu ne kawai ake kwatantawa, littattafan makaranta na so a tsaya a mataki na biyu: «the taller of the two», «the better of the two». Faransanci «le plus grand des deux» yake cewa, Hausa kuma ba ta damu ba. Gaskiyar magana, ƴan asalin harshen da kansu suna karya wannan ƙa'ida a hira kullum. Amma mai gyaran takarda da littafi yake aiki, don haka a ɗakin jarrabawa a bi littafi.

«Most» mai fuska uku

Ba duk inda aka ga «most» ake kwatance ba. Idan ta zo gaban suna babu «the», ma'anarta akasari, la plupart: «most traders» akasarin ƴan kasuwa. Ɗalibai kan rubuta «the most of people» saboda «la plupart des gens», kuma kuskure ne. Daidai shi ne «most people», ko «most of the people» idan wasu sanannun mutane ake nufi. Idan kuma ta zo bayan «a», ko a maganar ladabi, ma'anarta ƙwarai: «a most interesting meeting» taro ne mai ban sha'awa ƙwarai, ba a ce ya fi wani ba. «You are most welcome» marhabin ce mai nauyi. Wannan shi ne abin da nahawun Faransanci ke kira superlatif absolu. Hausa a nan ta fi su duka wadata, da fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, da su makeke da zungurere.

Haɗa «most» da «-est» a kalma ɗaya, kamar «most biggest», kuskure ne a Ingilishin yau. Amma ba koyaushe ya kasance haka ba. Shakespeare ya yi shi a wasansa na Julius Caesar wajen 1599, babu wanda ya ɗaga masa gira. Malaman nahawu na ƙarni na 18, irin su Robert Lowth da ya fitar da littafinsa a 1762, su ne suka yi masa hukuncin kuskure, makarantu kuma suka bi su. Abin dariya, harshen na ɗauke da irin wannan ninki a ɓoye. «-most» da ke ƙarshen «foremost» da «utmost» asalinta ba kalmar «most» ba ce, tsofaffin ƙare-ƙaren fifiko ne guda biyu da suka manne, daga baya mutane suka ɗauka «most» ce. «First» da «next» ma tsofaffin sigogin fifiko ne da aka manta asalinsu, ɗaya na nufin mafi gaba, ɗaya mafi kusa.

Kalmar da ke buƙatar shinge

Littafin da ya fi kowane rayuwa da wannan siga shi ne na bajintar duniya na Guinness. Ya samo asali ne daga wata gardama a wajen farauta a Ayalan a 1951, inda shugaban kamfanin, Sir Hugh Beaver, ya yi musu kan wane tsuntsun farauta ne ya fi gudu a Turai, aka rasa littafin da zai raba gardamar. Tagwaye Norris da Ross McWhirter suka haɗa bugun farko a 1955, kamfanin da aka kafa don buga shi kuwa sunansa Guinness Superlatives. Aikin littafin duka shi ne ɗaure kowane «fastest» da «longest» da ma'auni da rana. Usain Bolt «the fastest» ne a tseren mita 100, da daƙiƙa 9.58, a Berlin, a 2009. In an cire waɗannan, magana ta zama kirari.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, wannan siga ba ta tabbatar da halin da take ambata. Wanda ya fi tsawo cikin gajeru uku har yanzu gajere ne, «the cheapest» a kantin masu tsada zai iya fin ƙarfin talaka, «the best offer» kuma wani lokaci irin ta da babu gara ba daɗi ce. Masu talla sun san haka sarai. A Birtaniya hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace takan bar kambamawar da kowa ya san ra'ayi ce, amma wanda ya ce kayansa «cheapest» ne ko «best-selling», dole ya riƙe hujja, domin abin aunawa ne.

Na biyu ya shafi Nijar kai tsaye. Kafafen labarai na Ingilishi ba sa cika ambaton ƙasar ba tare da «one of the poorest countries in the world» ba. A nahawu, bayan «one of the» suna jam'i yake zama, «countries», ɗalibai kuma kan manta «s» ɗin. A fassara kuwa abin da ake mantawa ya fi haka girma: «one of» ɗin ce kan faɗi a hanya, sai mai sauraro ya ji «ƙasa mafi talauci a duniya». Magana biyu ce daban. A rahoton ci gaban ɗan Adam na PNUD na 2020 Nijar ce ta 189 cikin ƙasashe 189. A wanda ya fito a 2022, mai ƙasashe 191, Sudan ta Kudu ce ta ƙarshe, Chadi a gabanta, sannan Nijar. Wanda ya ci gaba da cewa «ta ƙarshe» bayan nan yana maimaita labarin da ya tsufa. Ma'aunin ma ba na kuɗi kaɗai ba ne, ya haɗa da ilimi da tsawon rai, don haka fassara shi da «mafi talauci» tun farko akwai gyara. Haka abin yake ta ɓangaren alfahari. Nijar tana cikin sanannun ƙasashe masu haƙar uranium, amma «the largest producer» Kazakistan ce, da tazara mai yawa. Ɗan jaridar da ya yar da «one of» don kanun labari ya yi armashi ya ba mai karatu abin da ba haka yake ba, ko yabo ne ko suka.

Wasu sunaye na hukuma ma da wannan siga aka gina su. «Least developed countries», wato pays les moins avancés, rukuni ne da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1971, Nijar na ciki tun jerin farko. «Least» ita ce kishiyar «most», kuma ba ruwanta da tsawon sifa: «least expensive», «least hot». «Most favoured nation» a dokokin cinikin duniya kuwa sunanta na ruɗi: ba gata ba ce ga ƙasa ɗaya, ƙa'ida ce cewa sauƙin da aka yi wa ɗaya a yi wa saura.

A takardar ciniki da jikin kwali

Inda ɗan kasuwa zai yi asara ko riba shi ne ƴan gajerun kalmomin da ke farawa da «at». «At least» aƙalla ne, au moins. «At most» shi ne iyaka, kada a wuce. Idan takardar oda ta ce «at least 500 bags», buhu 499 bai cika sharaɗi ba. Idan ta ce «at most 500», buhu 501 ya karya shi. A takardar magani bambancin ya fi haka haɗari: «at least six hours» tsakanin sha da sha na nufin kada a sake kafin sa'a shida, «at most four tablets a day» na nufin ƙwaya huɗu ce iyaka a yini. «Friday at the latest» na nufin kada a wuce Juma'a, «Friday at the earliest» na nufin kada a sa rai kafin Juma'a, kuma mai motar da ke jira a bakin duwan ya san kwana nawa ke tsakanin waɗannan biyun. A neman kwangila, «the lowest bidder» shi ne le moins-disant, wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta.

Sai «best before», wadda ke jikin kusan kowane kwalin biskit, madara da taliya da ke shigowa daga Kano ko Legas zuwa kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ma'anarta abin ya fi inganci kafin wannan rana, daidai da «à consommer de préférence avant». Bayan ranar ɗanɗano ko ƙamshi na iya raguwa. «Use by» da «expiry date», wadda ake taƙaitawa EXP, sun fi tsanani, su ne «à consommer jusqu'au» da date de péremption, kuma abinci mai saurin lalacewa ko maganin da ya wuce wannan rana ba na amfani ba ne. A duba tsarin lambobin ma. Kayan Najeriya da na Ingila rana suke sawa kafin wata, kamar yadda aka saba a Nijar, amma na Amurka wata ne a gaba: 03/10 a kwalin Legas 3 ga Oktoba ne, a kwalin Amurka 10 ga Maris.